HATIMI A KAN TUTAR TURAWA: TARKEN TARIHI DA ALAMOMIN TUTAR NIJERIYA TA 1914

1.0 Gabatarwa

Duk ɗan makarantar da aka tambaya ma'anar tutar Nijeriya, amsa tana bakinsa: kore noma ne, fari kuwa zaman lafiya. Amma da za a ƙara masa da cewa, to, wace tuta ce ta gabaci wannan, sai ya yi tsit, wataƙila ma malaminsa ya taya shi. Alhali kuwa shekara 46, watau daga 1914 zuwa 1960, akwai wata tuta da ke ɗauke da sunan ƙasar nan a rubuce a jikinta, kuma alamar da ke kanta ta daɗe tana yawo cikin aljihun iyayenmu da kakanninmu a bisa kwabo da anini.

Abin da ya sa muka ga ya dace a waiwayi wannan tuta shi ne, hotonta da na tsohon kwabo sun sake fitowa suna zagayawa a intanet, kowa yana ɗora musu fassarar da ta yi masa daɗi, wasu fassarorin kuma irin waɗanda ke iya hura wutar gaba ne tsakanin al'ummun ƙasa ɗaya. Saboda haka wannan takarda za ta yi abu uku. Da farko za mu siffanta tutar, mu kuma bi sawun alamar da ke kanta. Na biyu za mu auna fassarori uku da ake yi wa alamar. Na uku za mu gwada tutar da ma'aunin da ƙasar Hausa ta san tuta da shi tun kafin zuwan Turawa. Ra'ayin da za mu kare shi ne, ma'anar tuta ba ta ƙarewa ga zanen da ke jikinta. Sai an dubi hannun da ya bayar da ita da hannun da ya karɓa.

2.0 Siffar Tutar da Matsayinta

Ƙyallen tutar shuɗi ne mai duhu. A kusurwar sama ta wajen sanda akwai tutar Ingila sukutum, wadda ta ci kashi ɗaya cikin huɗu na ƙyallen. Ita wannan tuta ta Ingila, a siffar da ta ɗauka tun 1801, gicciye uku ne aka ɗora kan juna, na Ingila da na Sikotilan da na Ailan, kowanne da sunan wani waliyyin Kirista. A ɗaya ɓangaren, wanda iska ke kaɗawa, akwai jar da'ira. Cikin da'irar akwai koren tauraro mai tsini shida, wanda aka yi shi da alwatika biyu da aka sarƙa, ɗaya kanta sama, ɗaya kanta ƙasa. A tsakiyar tauraron an ajiye kambin sarautar Ingila, a ƙarƙashin kambin kuma aka rubuta sunan Nijeriya da farin rubutun boko. Canjin da aka yi wa zanen shi ne na siffar kambin, bayan Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta hau gado a 1952.

Kafin mu wuce, akwai gyara da ya wajaba mu yi. Sau da yawa akan kira wannan tuta "tutar ƙasa ta farko", amma sunan yana bukatar taka-tsantsan. A ƙa'idar Ingila, tun wajen 1865, shuɗiyar tuta mai tambarin wata ƙasar mallaka ta jiragen ruwan gwamnatin wannan ƙasa ce. Gwamna yana da tasa dabam, watau tutar Ingila da tambarin a tsakiyarta. A tudu kuwa, tutar da ke kaɗawa a ofishin Razdan da na Di'o da barikin soja, wadda kuma 'yan makaranta ke yi wa fareti ranar bikin daular Ingila ta 24 ga Mayu, tutar Ingila ce tsagwaronta. Ita ce kuma aka sauke a filin sukuwa na Ikko da tsakar daren da ya wayi gari 1 ga Oktoba, 1960. Ashe ke nan tutar 1914 tutar hukuma ce. Aikinta shi ne ta shaida wa jirgin da aka gamu da shi a teku cewa wannan jirgi na Sarkin Ingila ne, daga wace gona tasa kuma ya fito.

3.0 Tutocin da Suka Gabace Ta

Kamfanin Neja, wanda Ingila ta ba takardar izinin mulki a 1886, yana da tutarsa. Ita ma tana da tutar Ingila a kusurwa, sa'an nan da tambari mai siffar harafin Y, wanda ake ɗauka a matsayin mahaɗar kogin Kwara da na Binuwai, tare da kalmomin Latin guda uku masu nufin fasaha da shari'a da zaman lafiya. Ranar 1 ga Janairu, 1900, a Lakwaja, aka sauke tutar kamfanin aka ɗaga ta Ingila, Lugga ya zama shugaban abin da aka kira Nijeriya ta Arewa, duk da cewa a ranar mafi yawan ƙasar da aka raɗa wa sunan ba ta san an yi ba. Sai da aka ci Kwantagora da Bida a farkon 1901, aka ci Kano a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris, aka kuma yi yaƙin Burmi a Yulin wannan shekara, sa'an nan abin da aka rubuta a takarda ya tabbata a ƙasa.

A Kudu kuwa an haɗe Ikko da Nijeriya ta Kudu a 1906. Daga nan sai haɗewar 1 ga Janairu, 1914, wadda ta mai da Arewa da Kudu ƙasa ɗaya a ƙarƙashin Gwamna Lugga. Sabuwar ƙasa tana bukatar tambari ɗaya, shi ne aka ɗauko tauraron nan mai tsini shida.

4.0 Asalin Tauraron

Bayanin da aka fi dogara da shi game da asalin tauraron daga alƙalamin Lugga kansa ya fito, cikin wata wasiƙa da mujallar nan mai suna Nigeria ta buga a Afrilun 1940. Abin da ya faɗa a taƙaice shi ne: a saninsa sunan zanen hatimin Sulaimanu, an same shi ne a kan murfin wata kyakkyawar buta ta tagulla da jan ƙarfe, mai ado a duk jikinta, wadda sojoji suka kwaso sa'ad da aka ci Sarkin Kwantagora, shi kuma ya ga zanen ya dace ya zama tambarin Arewa, da aka haɗe ƙasar sai aka mai da shi na Nijeriya baki ɗaya.

Wannan shaida tana da rauni, tana kuma da ƙarfi. Rauninta shi ne, an rubuta ta bayan shekara 39 da yaƙin Kwantagora, marubucin yana da shekara fiye da 80, shi da kansa ma ya yi ta kaffa-kaffa cikin maganar, yana jingina ta ga iyakar abin da ya iya tunawa. Ƙarfinta kuwa shi ne akwai abin da ke tallafa mata wanda ba ya mantuwa, watau kuɗi. Kwabo da aninin da aka fara bugawa a 1907, masu huda a tsakiya, suna ɗauke da wannan tauraro, suna kuma ɗauke da darajarsu da rubutun Larabci. Wannan ya tabbatar da abu biyu. Na ɗaya, tauraron ya riga haɗewar 1914 da aƙalla shekara 7. Na biyu, waɗanda suka zaɓe shi sun ajiye shi ne kusa da rubutun Larabci, watau cikin abubuwan da suke zaton za su sa mutanen da suka saba da wuri su amince da kuɗin Nasara.

Ya kamata mu tsaya kaɗan a kan mai butar. Sarkin Sudan Ibrahim ɗan Umaru Nagwamatse ne, Umaru ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku ne, Atiku kuwa ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Watau dai Ibrahim tattaɓa-kunnen Shehu ne. Lugga ya siffanta shi da babban mai farautar bayi, kuma gaskiya ne hare-haren Kwantagora sun ɗaiɗaita garuruwa da yawa na Gwari da maƙwabtansu. Ba mu zo wanke kowa ba. Amma Turawan da suka kore shi da wannan hujja su ne suka maido shi kan gadonsa a 1903. Abin da ya shafe mu a nan shi ne, alamar da ta wakilci Nijeriya har shekara 46 ganima ce da aka kwaso daga wani gida na zuriyar Shehu. Maƙerin farin da ya sassaƙa ta a kan murfin buta bai yi mafarkin za ta bi jirgin ruwa zuwa Ingila ba.

5.0 Fassarori Uku

5.1 Cewa tauraron Yahudu ne

Wannan ita ce fassarar da ta fi yaɗuwa, domin ido ne ke kai mutum gare ta. Wanda ya ga tutar Isra'ila, ya kuma ga tsohon kwabo, zai ce ai Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Daga nan sai masu fassara su rabu biyu. Wasu su ce wannan shaida ce ta wata maƙarƙashiya da aka ƙulla wa Musulmi tun ranar da aka kafa ƙasar. Wasu kuma su ce a'a, shaida ce cewa Turawa sun san asalin wata al'umma ta ƙasar nan daga Bani Isra'ila yake. Ɓangarorin biyu ba sa ga maciji, amma kuskurensu ɗaya ne.

Gaskiya ne Yahudawan Turai sun daɗe da riƙon wannan zane, kuma ƙungiyar masu neman kafa ƙasar Yahudu ta ɗauke shi tun taronta na birnin Basel a 1897, kafin Isra'ila ta sa shi a tutarta a 1948. Sai dai kama da wane ba ta wane. Zanen bai taɓa zama mallakar al'umma ɗaya ba. Musulmi sun yi ƙarnoni suna amfani da shi a jikin gine-gine da kwanoni da kuɗi, suna kiransa hatimin Annabi Sulaimanu. Kuɗin tagullar da sarakunan Maroko suka buga a ƙarni na 19 suna ɗauke da shi da tsininsa shida. A 1915, shekara ɗaya tak bayan tamu tutar, Maroko ta ɗora koren tauraro a kan jar tutarta, mai tsini biyar, shi ma da sunan hatimin Sulaimanu ake kiransa. A dubi launukan: kore a kan ja, daidai da na tambarin Nijeriya. A nan gida ma, duk wanda ya taɓa buɗe kundin malamin zaure, ko ya ga takardar laya kafin baduku ya ɗinke ta, ya san zanen ba baƙo ba ne. Mai wannan fassara yana karanta 1914 ne da idon 1948, wannan kuwa shi ne babban laifi a wajen mai nazarin tarihi.

5.2 Cewa alwatika biyun Arewa da Kudu ne

Fassara ta biyu ta fi ta farko daɗin ji. Ga alwatika biyu, ɗaya ta dubi sama ɗaya ta dubi ƙasa, sun sarƙu ba mai iya raba su sai ya karya. Ga kuma ƙasashe biyu da aka haɗe a shekarar da aka yi tutar. Malamin da ke son koya wa yara haɗin kai zai so a ce haka abin yake. Amma tarihi bai ba da wannan dama ba. Mun riga mun ga cewa tauraron yana kan kwabo tun 1907, kuma mai zaɓensa ya ce Arewa ya zaɓa wa. Daɗin daɗawa, kuɗin da ke ɗauke da shi sun zama na dukan ƙasashen Ingila na Afirka ta Yamma, ana kashe su a Gwalkwas da Saliyo da Gambiya, inda ba ruwan kowa da haɗewar Lugga.

In ma za a nemi abin da tambarin ke faɗa game da haɗewar, to akasin wannan yake faɗa. An ɗauko alamar ɓangare ɗaya an yafa wa duka, kamar yadda aka ɗauko tsarin mulki ta hannun sarakuna, wanda aka gwada a Arewa, aka nemi shimfiɗa shi a Kudu, har a wuraren da ba su san sarki mai irin wannan iko ba. Mutumin Ikko ko na Kalaba bai ga kansa cikin tauraron ba, ba kuma wanda ya tambaye shi.

5.3 Cewa girmamawa ce ga Musulunci

Fassara ta uku ita ce ta fi kusa da abin da Lugga ya nufa, ita ce kuma ta fi bukatar tarke, domin tana iya ruɗin mu 'yan Arewa. Ana iya cewa, to, tun da hatimin malamanmu ne aka ɗora a tuta, ai an karrama mu ke nan. Muna da ja a kan wannan ta fuska uku.

Ta farko, hatimin Sulaimanu ba tambarin addinin Musulunci ba ne. Alƙur'ani ya ba da labarin mulkin da Allah ya ba Annabi Sulaimanu a kan iska da aljannu da tsuntsaye, amma bai ambaci zobe ko zanen da ke kansa ba. Wannan daga littattafan ƙissoshi da na asirai ya zo. Malamai ma sun daɗe suna saɓani a kan halascin hatimai da layu. Wanda ya ɗauki adon murfin buta a matsayin alamar addinin jama'a, ya nuna iyakar saninsa da jama'ar.

Ta biyu, sai a dubi wurin da aka ajiye shi. A ƙa'idar tutocin Turawa, kusurwar sama ta wajen sanda ita ce mazaunin daraja. Nan gicciye uku suke. Hatimin yana can gefen da iska ke bugu, inda tuta ke fara yagewa in ta tsufa.

Ta uku, kuma mafi muhimmanci, sai a dubi abin da aka sa a cikinsa. A wajen masu zana hatimi, galibi tsakiya ita ce muhallin suna ko bukata, sauran gidajen kuwa kewaye ne da tsari gare ta. A tambarin 1914, kambin Sarkin Ingila ne ya zauna a wannan muhalli, sunan ƙasa yana ƙarƙashinsa. Ko mai zanen ya nufa ko bai nufa ba, wanda ya san hatimi zai karanta shi kamar haka: an sa asirin waɗanda aka ci da yaƙi ya zama tsari ga wanda ya ci su. Ba mu san wani hoto da ya fi wannan fayyace mulki ta hannun sarakuna ba, inda aka bar rawani da alkyabba da algaita a inda suke, aka cire ikon da ke tsakiyarsu aka sa wani.

6.0 Ma'aunin Tuta a Ƙasar Hausa

Turawa ba su ne suka kawo mana tuta ba, don haka muna da ma'aunin kanmu da za mu auna tasu da shi. Kalmar ta zauna daram cikin harshe. Wanda ya fi tsara a wani fage mukan ce ya ciri tuta. A tarihi kuwa, bayan an fara jihadi a 1804, Shehu Usmanu ya ba almajiransa tutoci suka koma ƙasashensu: Malam Musa a Zazzau, Ummarun Dallaje a Katsina, Buba Yero a Gwambe, Modibbo Adama a ƙasar da daga baya ta ɗauki sunansa, Yakubu a Bauci, da sauransu. Yakubu ba Bafillace ba ne, amma wannan bai hana shi karɓar tuta ba, domin sharaɗinta mubaya'a ce, ba jini ba.

Abin lura a nan shi ne, darajar waɗannan tutoci ba daga ado ta zo ba. Ba wanda ke tambayar me launinsu ke nufi. Abin da ake tambaya shi ne, wa ya ba ka, a kan wane alkawari kuma ka karɓa? Tuta a wannan ma'ana tana da sharuɗɗa uku: mai bayarwa wanda aka yarda da shi, mai karɓa wanda ya miƙo hannu da son ransa, da alkawarin da ya ɗaure su. Idan waɗannan suka cika, sai ƙyalle ya zama abin da ake mutuwa a gindinsa. Haka aka gani a Sakkwato ranar 15 ga Maris, 1903, inda wasu jarumai suka tsaya a gindin tutar Sarkin Musulmi Attahiru suka ƙi gudu har harsashi ya gama da su. Tutar ta ƙare a hannun sojojin Turawa bayan yaƙin Burmi, ta zauna a wurinsu a matsayin ganima, sai jim kaɗan bayan samun mulkin kai a 1960 aka maido ta ga Sarkin Musulmi Abubakar na Uku.

To, in muka ɗora tutar 1914 a kan wannan ma'auni, sai mu ga ba ta cika ko sharaɗi ɗaya ba. Mai bayarwa da bindiga ya zo. Mai karɓa babu shi, domin ba a miƙa ta ga kowa ba. Daga ofis ta fito, a ofis ta zauna. Alkawari kuwa, in akwai shi, tsakanin Gwamna ne da ofishin kula da ƙasashen mallaka da ke Landan. Ta fi kama da lalas ɗin da mai dabba ke yi wa dabbarsa don a san tasa ce. Shi ya sa da ranar tafiyarta ta zo, ba wanda ya yi mata kuka, ba ma wanda ya lura. Zanen aro ba ya rufe katara.

7.0 Abin da Tutar 1960 ta Koya Daga Wadda ta Gada

Da mulkin kai ya gabato, sai aka bi wata hanya dabam. An sa gasa, aka buga sanarwa a jaridu, zane fiye da 2,000 suka shigo, a 1959 aka zaɓi na Michael Taiwo Akinkunmi, ɗalibi mai shekara 23 da ke karatu a Landan, aka ba shi ladan fam 100. Zanensa na asali yana da jar rana mai haskoki a tsakiyar farin, amma alƙalan gasar suka cire ta. Ya rayu har 2023.

Cire ranar nan abin nazari ne. Maƙwabtanmu ba su ji tsoron alama ba: Ghana ta sa baƙin tauraro a tutarta ta 1957, Nijar ta sa da'ira mai ruwan lemo a tata ta 1959. Nijeriya kuwa ta zaɓi tutar da ba tauraro, ba wata, ba gicciye, ba rana, ba rubutu. A ganinmu wannan hikima ce ta mutanen da suka san ƙasarsu, inda kusan kowace alama tana da mai ita, wanda ba nasa ba ce kuma zai ce an ware shi. Hotunan sai aka tura su cikin tambarin ƙasa, inda harafin Y na mahaɗar koguna ya sake fitowa fari a kan baƙar garkuwa, tsakanin fararen dawaki biyu. Arewa kuma, da ta tashi zaɓar wa kanta alama a zamanin Sardauna Ahmadu Bello, dagi ta ɗauko daga aikin maɗinka da magina. Dagi da hatimi duka daga hannun masu sana'ar ƙasar nan suka fito. Bambancinsu shi ne, ɗaya masu shi ne suka ɗaga shi, ɗaya kuwa ƙwace shi aka yi. Shi ya sa dagi yake raye a jikin riguna da soraye, hatimin tuta kuwa sai a gidan tarihi.

Amma fa kada mu wuce gona da iri wajen yabo. Tutar 1960 ta cika sharaɗin farko da na biyu gwargwadon hali, tun da ɗan ƙasa ne ya zana, wakilan ƙasa suka karɓa. Sharaɗi na uku, watau alkawari, shi ne ya yi ta tangal-tangal, har shekara 7 ba ta cika ba aka ɗaga wata tuta a Gabas a Mayun 1967, aka shiga yaƙin da bai ƙare ba sai Janairun 1970. Tutar da ba ta ɓata wa kowa rai da zanenta ba, ba lalle ne ta ɗaure zukata ba. Wannan aikin adalcin masu riƙe da ita ne.

Shi kuwa tauraron, bai tafi tare da tutarsa ba. Kwabo da ɗarin da aka buga a 1959 da sunan Tarayyar Nijeriya sun fito da shi, aka ci gaba da cinikin ƙosai da goro da su a ƙarƙashin sabuwar tuta, har zuwan naira a 1973.

8.0 Kammalawa

A cikin wannan takarda mun nuna cewa tutar 1914 tutar hukuma ce wadda aka yi domin jiragen gwamnati, kuma kiranta tutar ƙasa yana bukatar sharaɗi. Mun bi sawun tauraronta daga murfin butar Sarkin Sudan na Kwantagora, zuwa kwabon 1907, zuwa tambarin haɗaɗɗiyar Nijeriya. Mun auna fassarori uku, muka ga ta farko ta rikita zamani, ta biyu ta saɓa wa jerin shekaru, ta uku kuma ta ɗauki ganima a matsayin kyauta. Hukuncinmu shi ne, a fuskar zane tambarin ya yi kyau, ya kuma faɗi gaskiyar zamaninsa fiye da yadda mai shi ya nufa. A fuskar tuta kuwa, bisa ma'aunin da muka gada, bai kai ba.

Muna ba da shawara biyu ga 'yan'uwanmu malamai. Ta farko, a shigar da wannan tuta cikin darasin tarihi, a kai wa ɗalibai tsohon kwabo su riƙa a hannu su juya shi, domin gani ya kori ji, kuma yaron da ya san labarin butar Kwantagora ba mai ruɗinsa da hoto a intanet. Ta biyu, masu nazarin al'ada su juya ga tutocin jihadi da ke ajiye a fadojin sarakunanmu, a auna su, a siffanta su, a rubuta abin da masu tsaronsu suka gada na labarinsu, tun kafin asu da mantuwa su riga mu.